Nonon da muka ce ya ƙafe

Ni na sayo fidar da hannuna. Gara in fara da wannan, kada a ji labarin a ɗauka ni ce mai wayon gidan. Ranar da aka sallami Autarmu daga asibiti ita da jaririyarta, na tsaya a wani kemis a bakin hanya na sayi fida biyu da gwangwanin madarar jarirai, na shigo gida ina jin na yi abin kirki. 'Ya'yana huɗu, duk na shayar da su, amma ban taɓa zama na tambayi kaina yadda nono yake zuwa ba. Ki haihu, ki kwana uku, ƙirji ya cika, shi ke nan. Saboda haka da Auta ta matsa nata ba ta ga komai ba, ni ma na matsa ban gani ba, sai na yanke hukuncin da kowace mace a layinmu za ta yanke: nono ya ƙafe, sai haƙuri, Allah ya raya ta da madara.

Cikin fari ne. Yana wata bakwai da 'yan kwanaki, sati 32 a lissafin asibiti, ƙafafunta suka kumbura, kai ya riƙa sara mata, kowa na cewa ai haka masu ciki suke. Wata asuba ana tsakiyar hunturu jijjiga ta kama ta. Aka kwashe ta sai asibiti, aka ce jininta ya yi mugun hawa, dole a yi mata aiki in ana son a same su su biyun. Aka ciro 'ya mace, kilo 1.5, tafin ƙafarta bai fi babban yatsana ba, aka wuce da ita ɗakin jarirai aka sa a kwalba. Uwar kuwa kwana uku ba ta san inda kanta yake ba. Da ta farfaɗo sai ɗinkin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Ɗakin da take kwance da ɗakin jarirai ba gini ɗaya ba ne. Sai da ta kwana 11 kafin a tura ta a keke ta ga 'yarta ta cikin gilashi. An yanka ragon suna babu uwa babu 'ya a gidan.

A cikin kwanakin nan aka yi asarar. Ƙirjin Auta ya cika ya yi tauri kamar dutse, tana kuka da ciwo, muna gasa mata da tsumma da ruwan ɗumi. Inna ta ce a ɗaure mata da ɗankwali ya lafa. Muka ɗaure, ya kuwa lafa. A daidai wannan lokacin ana can ana zura wa yarinya madarar gwangwani ta siririyar robar hanci, alhali dakashin uwarta, wanda shi ne maganin da hanjinta ya fi buƙata, yana nan ɗaure cikin ɗankwali. Babu wanda ya ce mana a tatsa a kai mata. Ba zan ɗora wa ma'aikatan laifin duka ba, na ga yadda nas biyu ke fama da ɗaki cike da mata. Amma magana ce ta minti ɗaya, da wani ya faɗa mana da ba mu sha wahalar sati bakwai ba.

Bayan sati uku aka sallame su, yarinya tana kilo 1.6. Tunda haihuwar fari ce, gidan Inna aka wuce da su, ni kuma na ɗauki hutu a makarantar da nake koyarwa na tare a can. Muka naɗe jaririya cikin shawul uku, muka ajiye kaskon garwashi a ɗaki. Gwangwani ɗaya ba ya cika kwana goma, kuɗinsa kuma duk wanda ya taɓa saya ya sani. Surukar Auta ta zo barka, ta ɗaga fidar ta duba, ta ce madarar nan ta yi kauri, hanjin bakwaini ba zai ɗauka ba, a rage cokali ɗaya a ƙara ruwa. Na yarda nan take, don na ga hakan zai sa gwangwanin ya daɗe. Sati biyu muna haka. Yarinya ba ta kuka sosai, sai barci, mu kuma muna cewa ai mai haƙuri ce. Kashinta ya zama ruwa-ruwa. Ranar da muka koma awo aka ɗora ta a sikeli: 1.65. Giram 50 a sati biyu.

Wadda ta yi awon wata dattijuwar nas ce, irin waɗanda ke sa tabarau a ƙarshen hanci. Ta dubi katin, ta dubi fidar da ke hannuna, ta dubi Auta.

"Ina nono?"

"Ya ƙafe, Sista," ni na amsa.

"Ba ke na tambaya ba. 'Yata, yaushe rabon da ki sa ta a ƙirji?"

Auta ta sunkuyar da kai ta ce ba ta taɓa ba, tunda babu komai a ciki. Sista ta ajiye biro. Ta ce mu mata mun ɗauki nono kamar randa, in an kwashe ruwan ya ƙare. Ta ce rijiya ne: ana ja tana tsattsafowa, in aka bar ta ta cushe, kuma rijiyar da ta cushe yashe ta ake yi, ba a cike ta da ƙasa. Sannan ta juyo kaina ta tambayi yadda nake dama madarar. Da na faɗa mata, faɗan da ta yi mini rabona da irinsa tun ina firamare.

Daga baya na zauna na karanta abin da ta faɗa mana a gurguje, don ni malama ce, ba na son in yi abu ban san dalilinsa ba. Ashe duk lokacin da jariri ya tsotsi nono, ko aka tatsa, saƙo ne ke tafiya ƙwaƙwalwa, ita kuma ta saki wani sinadari da ake kira furolaktin, wanda ke sa nono ya haɗa ruwa. Ya fi fita da dare, shi ya sa shayarwar dare ba ta da madadi. Akwai na biyu, oksitosin, shi ke matso ruwan ya gangaro, kuma shi wannan yana jin halin da uwa ke ciki: ɗumin jikin ɗa da ƙamshinsa suna kiran sa, tsoro da ciwo da ɓacin rai suna riƙe shi. Nonon da aka bari cike ba a zuƙe ba kuwa, da kansa yake rage aiki. Wato ɗaurin ɗankwalin da muka yi, umarni muka ba jikinta cewa ba a buƙata. Amma hanyar ba ta mutu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takarda guda tun 1998 a kan maido da shayarwa bayan an daina, kuma abin da ke cikinta bai wuce abin da Sista ta faɗa ba: a yawaita sa yaro a nono, a ci gaba da ciyar da shi ta hanyar da ba fida ba, a tsaya wa uwar.

Na tambayi Sista, tunda ga madara, in aka dama ta daidai, me zai sa a wahalar da yarinyar da ba ta gama warkewa daga aiki ba? Ta ce da cikakken ɗa ne mai kilo uku da rabi, da maganar ta fi sauƙi. Bakwaini hanjinsa bai gama nuna ba. Akwai wani mugun ciwo da ke cinye hanjin irinsu, ciki ya kumbura, kuma waɗanda ke shan nonon uwa sun fi tsira daga gare shi nesa ba kusa ba. Garkuwar da jariri ke karɓa daga uwa ta mabiyiya, mafi yawanta a watannin ƙarshe na ciki take wucewa, wannan kuwa ta fito kafin ta gama karɓa, sai dai ta cike ta nono. Ga fida, wadda wanke ta yadda ya kamata a gidan da ake sayen ruwa a jarka ba ƙaramin aiki ba ne. Ta ce kada mu ɗauka mu kaɗai ne, kusan ɗaya cikin kowane jarirai goma a duniya bakwaini ne. Na duba daga baya: miliyan 13.4 a shekarar 2020, kuma Najeriya ce ta uku a yawansu, bayan Indiya da Pakistan.

Da muka koma gida na shirya rigima da Inna, don na san za ta ce sabon salo ne na 'yan asibiti. Sai ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce, "Ai kuwa ana yi." Ashe kakarta ta wajen uwa ta taɓa shayar da jikanta, wanda uwarsa ta rasu a kan gwiwa, alhali ita tsohuwar ta fi shekara goma rabonta da haihuwa. Ta riƙa manna shi a ƙirji dare da rana, ana ɗura masa nonon akuya, ana ba ta jiƙo, har ruwa ya zo. Inna ta san mutumin, ya girma ya yi jikoki. Na ce, "Inna, kin san wannan kika bari muka ce na Auta ya ƙafe?" Ta ce ita ta ɗauka wannan sai tsofaffin da, masu magani. Ni dai a ganina ba jiƙon ne ya yi aikin ba, bakin yaron ne.

Baba ma ya sa baki, shi da ba ya shiga maganar mata. Ya kira Auta bayan magariba ya karanta mata ayar Suratul Ahƙaf da ta ce ɗaukar ciki da yaye wata talatin ne, ya ce an ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda aka haifa a wata tara, wata 21 na shayarwa ya ishe shi, wanda aka haifa a wata bakwai kuwa wata 23. Ya ce, "Kin ga 'yar taki ta fi 'ya'yan yayarki haƙƙin nono." Bai ƙara komai ba ya tashi ya tafi masallaci.

Abu na farko da Sista ta sa mu yi shi ne goyon ƙirji. A tuɓe yarinya, a bar mata famfas da hula da safa kawai, a kwantar da ita tsaye tsakanin nonuwan uwarta, fata da fata, kanta a juye gefe, a ɗaure da zane, sannan uwa ta sa riga mai faɗi a kai. Ba minti goma ba, yini da kwana in da hali, aƙalla dai awa takwas a rana. A asibiti sunan kangaru suke ba shi, dabbar nan ta Ostareliya mai jaka a ciki. Wani likita ne a Bogota ta ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, ya faro shi a 1978, saboda kwalaben asibitinsu sun yi kaɗan har ana haɗa jarirai a guda. Da na ji haka na ce ashe matsalarmu ɗaya. Kuma an gwada shi a nan gida: wani babban bincike da aka fitar a 2021, wanda aka yi a Ile-Ife da Kumasi da wasu asibitoci a Indiya da Malawi da Tanzaniya, ya nuna cewa jarirai masu kilo ɗaya zuwa ƙasa da 1.8, in aka fara musu goyon nan tun daga haihuwa, mutuwarsu tana raguwa da kashi 25 cikin ɗari.

To amma binciken bai san kunyar ɗan fari ba. Auta yarinya ce da aka tasa a gidan da uwa ba ta kallon ɗanta na fari a gaban mutane, ba ta kiran sunansa, in yana kuka sai an ce mata "ɗauke shi mana" sau biyu. Yanzu a ce ta yini da 'yar fari manne a ƙirji, a gaban Inna, a gaban dangin miji masu zuwa barka? Ranar farko, da ta ji sallama sai ta fara kwance zane. Na lura sau uku ana haka, sai na ɗauki tabarma na shimfiɗa a ƙofar ɗakin na zauna. Duk wadda ta zo in ce likita ya hana shiga, a gaisa daga nan. Wasu sun ji haushi. Wata goggon mijin ta ce a zamaninsu ba a yi wannan rashin ta-ido ba. Na ce, "Goggo, a yi mana haƙuri, magani ne." Wannan kalmar ta magani ita ta cece mu, don Bahaushe ba ya jayayya da magani. Kaskon garwashi kuma muka fitar da shi, tunda jikin uwa ya fi shi ɗumi kuma ba ya hayaƙi.

Sai batun tsotso. Yarinya ta saba da fida, wadda da an karkata ta madara ke zuba. Aka sa ta a nonon da babu komai, ta ja sau biyu, ta saki, ta tsandara kuka. Nan Sista ta nuna mana dabarar da har yau nake jinjina wa. Ta ɗauko siririyar roba irin wadda ake zura wa jarirai ta hanci, ta manna bakinta ɗaya da filasta a jikin nonon, daidai kan nono, ɗaya bakin kuma ta tsoma a ƙaramin kofi mai madara. Yarinya ta kama nono da robar tare, tana ja madara na zuwa. Ita a wajenta nono ne ke ba ta, shi kuma nonon yana samun tsotson da yake buƙata. In aka ɗaga kofin madara ta yi sauri, in aka sauke ta rage. Ranar da robar ta toshe, sai in ɗebi madara a sirinji in riƙa ɗiga ta a saman nonon tana gangarawa bakin yarinya. Abin da ya rage kuma a ba ta da ɗan ƙaramin kofi: a zaunar da ita a cinya, a kai bakin kofin leɓenta na ƙasa, ta riƙa lasa da kanta, ba a ɗura mata. Fidoji biyun nan Sista ta karɓe su ta jefa a aljihun teburinta, ba ta maido mini ba.

Duk awa biyu zuwa uku ake wannan, dare da rana, sau takwas zuwa goma sha biyu, kowane nono kamar minti goma zuwa sha biyar. Bakwaini mai barci ne, ba zai tashe ki ba, ke za ki tashe shi. Bayan ta gama kuma Auta ta tatsa da hannu. Ni da 'ya'ya huɗu ban iya tatsa ba sai a nan: ba kan nonon ake ja ba, ana sa babban yatsa a sama, manuniya a ƙasa, a bayan baƙin da ya zagaye kan, a danna ciki wajen ƙirji, a matse a saki, a matse a saki, ana zagayawa. Kafin ta fara in gasa mata da tsumma mai ɗumi, in murza mata baya daga wuya zuwa tsakanin kafaɗu. Muna tatsa cikin kofin da babu abin da ke sauka a cikinsa. Na sayi littafin rubutu irin na 'yan ajina, na ja layi: lokaci, madarar da ta sha, fitsari, kashi, abin da aka tatsa. Layin ƙarshen nan kwana bakwai ina rubuta masa sifiri.

Kowa ya zo da maganinsa. Mai hulba, mai zogale, mai cewa a ba ta fura da nono da yawa, mai kawo ƙullin garin da ba a san ko mene ne ba. Kunun gyaɗa da zogale da fura ta sha, don abinci ne, kuma mai shayarwa tana buƙatar ci da sha. Ƙullin garin na zubar. Kunun kanwa ne aka yi daga a kansa. Inna ta ce babu jego babu kunun kanwa, likita kuma ya ce mai hawan jini ba ta shan kanwa, ya hana wankan ruwan zafi mai tsanani. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta yadda kanwa da ruwan zafi da kwanciya a gado mai wuta ke taimakawa wajen kawo ciwon zuciya ga masu jego. Muka daidaita a kan ruwa mai ɗumi sau ɗaya a rana. Magungunan hawan jininta ma mun kai wa likita ya duba ko za su hana shayarwa, ya ce ta ci gaba da sha. Abin da na gane shi ne duk kunun duniya ba ya kawo nono in ba a tsotsa. Mu kuwa mun fi son kunu, don dama kunu ya fi tashin ƙarfe biyun dare sauƙi.

In aka ce a taimaki uwa, mutane sun ɗauka nasiha ce. Nasiha kam Auta ta sha ta har ta gundure ta. Abin da take buƙata shi ne wanda zai tafasa kofi da roba sau goma a rana, ya wanke zannuwa, ya riƙe kofin madara da tsakar dare lokacin da hannuwanta biyu ke tallafe da yarinya, ya karɓi goyon ta samu barcin awa biyu. Ni da Inna muka raba dare. Mijinta kuma, da ke zuwa kullum bayan isha'i ya tsaya a zaure yana tambaya ko akwai abin da ake buƙata, wata rana na ce akwai. Na sa ya cire riga, na ɗaure masa 'yarsa a ƙirji, ya mayar da jallabiya a kai. Ya zauna a ɗakin zaure kamar wanda aka dasa, ko tari ya ƙi yi. Baba ya dawo daga masallaci ya gan shi, ya kau da kai ya wuce. Daga ranar kullum awa biyu nasa ne.

A dare na biyar Auta ta karaya. Kan nononta ya yi tsami, ɗinki na ja, yarinya ta ƙi kamawa. Da rana wata maƙwabciya ta ce a kunnenta, "Kuna ta ba yarinya iska tana tsotsa." Auta ta ture kofin ta ce, "Yaya, don Allah ki ƙyale ni. Ni ba ni da shi. Ban iya riƙe cikin ba, ban iya haihuwar ba, wannan ma ba zan iya ba." Sai a lokacin na gane abin da ke cin ta tun daga asibiti. Ban yi mata wa'azi ba. Na karɓi yarinya na ba ta madara da kofi, na ce ta kwanta, yau an yafe. Da safe muka koma wurin Sista, ta duba yadda yarinya ke kamawa, ta ga kan nonon kawai take tsotsa. Ta gyara: a jira ta wangale baki, a kawo ta ga nono, haɓarta ta taɓa shi, baƙin ya shige bakinta sosai. Ciwon ya ragu a kwana biyu.

Ranar ta takwas, bayan sallar asuba, tana tatsa sai ta ce, "Yaya, zo ki gani." Ɗigo ne guda, kamar raɓa, ya tsaya a kai bai ko faɗo ba. Zuwa dare muka tara abin da na zuƙe da sirinji ya kai mil 2, wato mililita biyu. Na rubuta shi da jan biro. Muka ɗiga mata a baki.

Daga nan sai a hankali: mil 5, mil 12, wata rana ya koma baya, wata rana ya yi tsalle. A nan na sake yin wauta. Da na ga ruwa ya fara zuwa sai zumuɗi ya ɗebe ni, na rage madarar gwangwani da kusan rabi a kwana biyu, wai don yunwa ta sa ta ƙara tsotso. Littafin ne ya tona ni: fitsarin da ke kaiwa sau bakwai ya koma huɗu. Sista ta ce bakwaini ba a horar da shi da yunwa, in ya galabaita ƙarfin tsotson ma ba zai samu ba. Ita za ta riƙa faɗin abin da za a rage, kaɗan-kaɗan, bayan kowane awo, kuma sharaɗi biyu ne: fitsari sau shida ko fiye a yini da kwana, da sikeli yana hawa. Ta ce irin wannan yarinya ana so ta riƙa ƙara kamar giram 15 a kan kowane kilo na nauyinta a kullum, wato wajen giram 25 a rana a lokacin.

Satin farko ta tashi daga 1.65 zuwa 1.83. Ba zan ce nono ne ya yi wannan ba, don a satin ɗigo kawai aka samu. Madarar da aka koma damawa daidai ce, da ɗumin ƙirji da ya hana ta ƙone ɗan abin da ta ci wajen yaƙi da sanyi. Aikin nonon daga baya ya bayyana: gudawar ta tsaya, cikin ya daina kumburi, kuma har muka fita daga hunturun nan ba a sake kwantar da ita ba.

Ba kowa ke samun yadda muka samu ba. A layin awo mun saba da wata mai tagwaye daga wani ƙauye, wadda ta yi duk abin da muka yi, nonon ya dawo amma bai taɓa isar su biyun ba. Haka ta ci gaba, nono da madara a kofi, kuma yaranta suna hawa sikeli lafiya. Sista ba ta taɓa nuna mata ta gaza ba, takan ce rabin nono ya fi babu. Auta ta ci sa'a ta wani wajen: yarinyar ƙarama ce, tazarar ba ta wuce sati biyar ba, kuma akwai mata biyu da suka ajiye komai suka zauna da ita. Ita mai tagwayen kuwa ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa.

A sati na huɗu muka cire robar da rana, sai da dare. A na shida yarinya ta fara kau da kai daga kofi. Ranar da muka cika sati bakwai da fara wannan aiki aka ɗora ta a sikeli, kilo 3 cif. Na ce wa Sista wata uku fa ke nan da haihuwarta, 'ya'yana da wannan nauyin aka haife su. Ta ce in daina lissafi daga ranar da aka ciro ta, in lissafa daga ranar da ya kamata a haife ta, a hakan 'yar wata ɗaya ce. Ta rubuta maganin ƙarin jini na ɗigawa, ta ce a ci gaba da rigakafi a kan lokaci, nono zalla babu ko ruwa har wata shida, a dawo awo bayan sati biyu. A layin madara na littafina ranar na rubuta "babu".

Gwangwanin ƙarshe ko rabi ba a sha ba. Inna ta juye garin ta wanke shi, yanzu daddawa take ajiyewa a ciki. Ni kuma na tattara kayana na koma gidana bayan sati tara, na tarar maigidan ya ƙone mini tukwane biyu, autana kuma an yi masa aski irin wanda na hana.